Goron Surukina da Fayil Goma Sha Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon kaka ba, ko da Allah ya ja kwanana har haƙorana suka zube. Ranar ce na tsaya a gaban dattawan garuruwa uku, da kwamfuta a gabana, ina roƙon ƙasa a zuci ta tsage in shige. Amma bari in bi da ku a hankali, don ni ban iya labarin gaggawa ba, kuma wanda ya ɗaure kansa da igiyar da ya tufka, ya kamata ya faɗi yadda ya yi tufkar.

Ni ɗan makarantar allo ne. A Toranke na yi karatu, a zauren Malam Habu, Allah ya ƙara masa lafiya. Na iya ajami tun ban san akwai wani abu wai shi boko ba, na girma ina rubuta wa mutane wasiƙu, ina kwafar littattafai da tawada da alƙalamin kara. Boko da kwamfuta da girmana na koya, a wani shagon buga takardu a Gaya. Daga baya 'yar yayata Hindatu, wadda ta karanci ilimin kwamfuta a jami'a, ta dawo gida ta ɗora ni a kan rubuta manhaja. Shekara uku tana fama da ni. Na iya ɗan abin da na iya, amma a raina sai nake ganin na kai gwani (wannan cuta ce ta mai koyo da furfura, kada ku ce ban gaya muku ba).

To, ƙungiyar manomanmu ta Gaya da Ajingi tana da injin sussuka guda ɗaya tak. Kowace kaka sai an yi ta cacar baki a kan layi: wane ya ce ranarsa ce, wane ya ce shi aka fara rubutawa, gero yana jibge a gona tsuntsaye suna walima. Shugaban ƙungiyar kuwa surukina ne, mahaifin matata, mutumin Balan. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ku yi haƙuri, Baba nake ce masa. Shi ya kira mu, ni da Hindatu, ya ce a yi musu manhajar waya da kowane manomi zai duba ya ga ranar da inji zai zo gonarsa. A fara da Toranke da Gafasa da Balan. In dattawa sun gani sun yarda, sauran garuruwa su shigo. In ba su yarda ba, a koma wa tsohon littafin layi da tsohuwar rigima.

Manhaja tana da ciki tana da fuska. Ciki shi ne inda ake ajiye bayanai, fuska kuwa ita ce abin da mutum yake gani a waya yana dannawa. Hindatu ta ce, "Kawu, ka bar mini tsarin fuskar, don shi ne mai wuyar faɗaɗawa in garuruwa sun yi yawa. Kai ka riƙe mana rubutun ajamin da za a sa a gefen boko."

Na ce, "Ke yaushe aka haife ki? Ni da na kwafi littafi mai shafi ɗari uku da hannu, ba shafi ɗaya da ya ɓace, ni za a koya wa tsara shafuka?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu." Ta ɗauki ciki, ta bar mini fuska. Abu ɗaya kawai ta roƙe ni. Ta ce duk abin da ake buƙata a wurare da yawa, kamar jerin masu layi, a gina shi sau ɗaya, kowane shafi ya riƙa ɗauka daga nan. Kamar rijiyar unguwa, in ji ta: in an yashe ta, kowane gida ya sha ruwa mai kyau. In kuwa kowane gida ya haƙa tasa, ranar yasa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an manta da wata. Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani.

Aikin ba da hannu kaɗai muke yi ba, muna da mataimakin nan na AI mai rubuta kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. Ana rubuta masa wata takardar ƙa'idoji, sikil suke ce mata, ya karanta kafin ya taɓa komai, kamar yadda za ka zaunar da sabon magini ka gaya masa yadda ake gini a gidanka. Hindatu ta rubuta ƙa'idoji biyar masu kyau, har da maganar rijiyar nan, ta miƙo mini. Tana juya baya na ƙara biyu nawa, na kuma sa su a sama, na ce su ne ke gaba da kowace.

Ta farko: kowane fayil a buɗe shi da Bisimillah. Ni dai ban taɓa fara rubutu ba da ita ba, ban ga dalilin da na'ura za ta fara a madadina ba da ita ba.

Ta biyu ita ce ta kashe ni: kada a goge fayil, kada a canza abin da aka riga aka rubuta. In gyara ya taso, a kwafi sabo a ajiye a gefen tsohon. Dalilina kuwa, a zauren Malam Habu mai kwafa ba ya kankare hannun wanda ya riga shi. In ya ga kuskure, a gefen shafi yake rubuta gyara. Sannan takardar da ke da sunan Allah ba a yar da ita. To tunda na riga na sa an buɗe kowane fayil da sunan Allah, sai na ji yatsana ba zai iya danna gogewa ba. Na kalli ƙa'idojin nan biyu, na ji wani daɗi a raina, na ce yau na musuluntar da kwamfuta.

Mako na farko lafiya lau. Mako na biyu Baba ya aiko cewa a ƙara wurin nuna yawan dami, sai mataimakin ya kwafi jerin layi ya yi na biyu. Aka ce a ƙara girman rubutu saboda masu raunin ido, ya yi na uku. Kowane gari da shafinsa, kowane shafi da jerin da ya tarar ranar da aka haife shi. Ran nan ina zaune da hantsi sai ya rubuto mini, cikin ladabi, cewa yanzu akwai jerin layi tara kusan iri ɗaya, shafuka suna ɗauka daga mabambanta, kuma hakan zai sa gyara ya shiga wani gari ya tsallake wani. Ya ce ƙa'idata ta biyu tana karo da ta rijiya, ko zan ba shi izini ya haɗe su wuri guda ya goge sauran?

Jama'a, wa'azi na yi masa. Wallahi sai da na cika fuskar kwamfutar da rubutu. Na gaya masa darajar rubutu a wurin magabata, na gaya masa cewa gaggawa daga Shaiɗan take, na ce yaro ba ya gyara wa na gaba da shi. Ya amsa cewa ya fahimta, zai bi umarnina, amma zai riƙa rubuta mini gargaɗi a ƙarshen kowane aiki. Na ce ya rubuta. Ban ƙara karanta ko ɗaya ba.

Yanzu ga inda zunubin yake. Tun ranar farko, da na gina shafin Balan, ina buƙatar sunaye na gwaji don in ga yadda jerin zai fito. Ranar kuwa daga taron ƙungiya na dawo, taron da aka fara da hantsi ba a tashi ba sai da rana ta karkata, ga yunwa ga haushi. Maimakon in rubuta wane da wane, sai na zauna na sauke abin da ke cikina. Mutum uku na sa. Kuma da ajami na rubuta, don na san Hindatu tana duba aikina, ajaminta kuwa bai wuce ta gane baƙaƙe da ƙyar ba. Na yi dariyata ni kaɗai, na ce wannan sirri ne tsakanina da na'ura (ban tuna da mala'iku biyu da ke kafaɗuna ba, su da ba ruwansu da boko ko ajami).

Ana saura mako guda a nuna wa dattawa, Hindatu ta ce, "Kawu, ka cire sunayen gwaji, na haɗa na gaskiya." Na gaya wa mataimakin ya cire. Shi kuwa bawan umarni, ya kwafi sabon jeri marar sunayen, ya kwafi sabon shafin Balan, ya bar tsofaffin a inda suke. Maɓallin da ke shafin farko, wanda ake dannawa a shiga Balan, yana cikin fayil ɗin da na hana a taɓa, saboda haka yana nan yana buɗe tsohon. Ya rubuta mini wannan ɓaro-ɓaro a gargaɗinsa. Daga baya na gani, bayan aikin gama ya gama.

Ita ma Hindatu ta leƙa ta ga abin. Ta ce, "Kawu, jerin layi goma sha huɗu nake gani. Lafiya?"

Na ce, "Taka-tsantsan ne. Ku yaran yanzu komai sai ku goge."

Ta koma kan aikinta. Ba ta iya musu da ƙanin uwarta. Na ɗauki shirunta a matsayin na yi nasara.

Asabar ta zo. Bayan azahar aka taru a wani aji na makarantar firamare a Gaya, aka aro na'urar haska hoto a bango. Dattawa sun cika benci, wasu a tabarma. Baba yana gaba a kujera. Malam Habu ma, da tsufansa, aka ɗauko shi a babur daga Toranke, don an gaya masa ɗalibinsa ya sa ajami a cikin waya. Na sha babbar riga, na yi jawabi. Na ce wannan manhaja an gina ta a kan tsari irin na magabata, za ta ɗauki gari talatin ba ta girgiza ba. Na ce a cikinta babu harafi ɗaya da aka taɓa gogewa. Har kabbara wani ya yi.

Na danna Toranke. Sunaye suka fito tsaf, boko a hagu, ajami a dama, kowa da ranarsa. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, Malam Habu ya matso da fuskarsa yana murmushi. Na ji kaina ya ƙara girma a cikin hula.

Na danna Gafasa. Ya ɗan yi nauyi kafin ya buɗe. Sai wani dattijo mai suna Malam Iro ya ɗaga sanda ya ce, "Tsaya. Ni aka ba Juma'a? Ba mun ce inji ba ya fita ran Juma'a ba?"

Gaskiyarsa. An yi wannan gyara, ya shiga jerin Toranke, bai shiga na Gafasa ba, don shi daga wata rijiyar yake sha. Na ce ƙaramin abu ne, za a gyara. Wani daga baya ya ce, "Malam guda ya tura mutum sussuka lokacin huɗuba." Aka yi 'yar dariya. Na ce a raina, in dai wannan ne, da sauƙi.

Sai Baba ya ce, "To, a nuna mana namu."

Na danna Balan.

Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ba irin shirun da ake yi don girmamawa ba, irin wanda ake yi in an ga maciji a rufin ɗaki. Gefen boko babu komai. Gefen ajami kuwa layi uku ne manya-manya, na'urar haska hoto ta baje su a bango. Na waiga na ga leɓunan dattawa suna motsi, kowa yana haɗa baƙi da wasali. A lokacin ne abin ya faɗo mini: na ɓoye sirrina a rubutun da mutum ɗaya ce kawai a ɗakin nan ba ta iya karantawa. Sauran duk da shi suka tashi.

Hindatu ta matso ta ce a hankali, "Kawu, me aka rubuta?"

Na nemi inda zan danna in fita, na danna wani wuri, rubutun ya ƙara girma.

Malam Habu ne ya amsa mata. Da muryar nan tasa ta biya karatu, ba sauri ba tsallake, ya karanta. "Na ɗaya, Alhaji Ba-a-tashi-sai-la'asar." Sakataren ƙungiya, wanda kowa ya san tsawon jawabinsa, ya gyara zama. "Na biyu, Mai Minshari a Sahun Gaba." Malam Iro ya sauke sandarsa a hankali. Malam Habu ya ɗan tsaya, ya dube ni ta saman tabarau, kamar yana ba ni damar in mutu kafin ya ci gaba. Ban mutu ba. "Na uku, Baba Mai Raba Goro Huɗu."

Kowa a Balan ya san Baba da wannan. Goro ɗaya yake fasawa huɗu ya ba baƙi, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa faɗa ko a bayan idonsa, balle surukinsa, balle a bango. Kuma kamar an shirya, a daidai lokacin akwai ɓarin goro a hannunsa.

Hindatu, don ta cece ni, ta karɓe kwamfutar za ta rufe shafin, sai ta buɗe fayil ɗin kansa. Ga shi nan a bango: Bisimillah a layin farko, sunayen nan uku a ƙasa kaɗan.

Malam Habu ya ce, "Wa ya ce a sa wannan a sama?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

"Me ya hana ka goge na ƙasan?"

Na ce, da muryar da ni ma ban gane ta ba, "Na hana a goge komai, Malam. Saboda sunan Allah yana ciki."

Ya ce, "Ikon Allah. Ka ji tsoron goge sunansa, ba ka ji tsoron rubuta gulma a ƙarƙashinsa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Sakatare ya tashi ya ce shi a ganinsa a koma wa littafi, don littafi bai taɓa zagin kowa ba, ya kuma fara jawabi a kan haka, sai ya tuna sunan da ke bango ya zauna. Ido ya koma kan Baba. Aikin wata biyu, da wahalar Hindatu, da layin garuruwa uku, duk suna jiran abin da zai fito daga bakinsa.

Baba ya sa hannu a aljihu, ba gaggawa. Ya fito da goro, fari, babba, ɗungum. Ya miƙo mini ya ce, "Zo ka karɓa."

Na taka na je, na durƙusa, na karɓa da hannu biyu.

Ya ce, "Ci."

Na ci. A gaban mutum sama da arba'in na tsuguna na cinye goro guda, ana jin ƙarar taunata har ƙarshen aji. Ban taɓa sanin goro yana da ɗaci haka ba, ban kuma taɓa sanin yana da girma haka ba.

Da na haɗiye, sai ya juya wurin Hindatu ya ce, "Jikata, abin nan zai gyaru?"

Ta ce, "Zai gyaru, Baba."

"Kwana nawa?"

"In an bar ni, uku."

Ya ce, "An bar ki. Na Toranke da muka gani ya yi kyau, ba za mu ƙi tuwo don bakin mai tuƙi ya yi kaifi ba. Shi kuwa wannan, ya riƙa rubuta miki ajamin, amma ki samu mai karanta miki." A nan ne dariyar ta fashe, har Malam Iro yana share hawaye.

Washegari na bi su gida-gida neman gafara. Sakatare ya yafe mini a cikin jawabin da ya kai mu la'asar. Malam Iro ya ce shi ba ya minshari, amma ya yafe. A gidan Baba ban iya ɗaga kai ba, shi kuwa hirar damina kawai ya yi mini. Matata kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta ce komai ba, ran na uku ta ce, "Da ka tambaye ni, da na gaya maka wani lokacin shida yake rabawa."

Daga ƙarshe na je Toranke. Na tarar da Malam Habu a zaure, na fara ba shi hujjata ta mai kwafa da gefen shafi. Ya bari na gama, sannan ya nuna allunan da ke jingine a bango ya ce, "Shekara nawa ka yi kana rubutu a wancan kafin in ba ka takarda?"

Na ce, "Bakwai, Malam."

"Me ke kansa?"

"Alƙur'ani."

"In ka haddace, me kake yi?"

Na ce, "In wanke."

Ya ce, "To. Wanda bai wanke allo ba, ba a ɗora masa sabon karatu. Ka riƙe ladabin littafi, ka manta na allo, alhali shi na fara koya maka. Abin nan naku da ake gyarawa kullum, allo ne. Bisimillah kuwa ka yi ta da bakinka kafin ka zauna, ta isa."

Hindatu ta cire ƙa'idojina biyu daga takardar sikil ɗin. A gabana ta ba mataimakin izini, tsakanin azahar da la'asar ya haɗe jeri goma sha huɗun nan ya mayar da su ɗaya, kowane gari yana ɗauka daga nan. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Na so ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa fushi. Kakar nan inji ya zagaya garuruwa uku ba a ji kan kowa ba, yanzu wasu garuruwan sun shigo, kuma ƙara sabon gari bai fi a sha shayi ba. Gargaɗin da yake rubutawa a ƙarshen aiki kuwa, yanzu shi nake fara karantawa.

Abin da na koya ke nan: ba duk abin da aka ƙi gogewa ne ake girmamawa ba, wani girman kai ne ya sa rawani. Kuma in za ka ɓoye magana, ka fara duba wa ya iya karatun.

Har yau in na je gaida Baba, baƙi suna zaune, zai fasa goro huɗu ya ba kowa ɓarinsa. In ya zo kaina sai ya sa hannu a ɗaya aljihun, ya fito da guda ɗungum, ya miƙo. Ni kuma in karɓa da hannu biyu, in ci, kowa yana kallo.